Sunan Mutum da Inda Yake: Daga Jakadun Hadejia Zuwa Kwamfutocin Wasiƙu

Kowace wasiƙa tana da wahala biyu. Ta farko ita ce ɗaukarta daga nan zuwa can, ta biyu kuwa gano inda mai ita yake a ranar da ta iso. Masu rubuta tarihin sadarwa a ƙasar Hausa sun fi ɗokin ta farko, domin a nan ake ganin dawaki da raƙuma da wayar tangaraho da jirgin ƙasa. Ta biyun ba ta tayar da ƙura, ba ta bar gada ko gini ba, amma ita ta haifi wata sana'a da ba a cika kiranta sana'a ba, wato riƙe sanin inda mutane suke. A ƙasar Hadejia, daga Kaugama da Malam Madori zuwa Auyo da Guri da Kirikasamma, wannan sani ya daɗe yana hannun jakadu da masu unguwanni da masu masauki da direbobi, yau kuma wani ɓangarensa ya koma cikin kwamfutocin da ke rarraba wasiƙun imel. Abin da tarihin nan yake nunawa, a ganina, shi ne ajiye amsa a ka maimakon sake tambaya kullum abu ne da babu makawa gare shi, kuma duk wanda ya yi wannan aiki da kyau ya yi shi ne da sharuɗɗa biyu: yana kusa da masu tambaya, kuma ya san ranar da amsarsa za ta daina aiki.

A zamanin Daular Usmaniyya saƙon hukuma ba ya tafiya kai tsaye, hawa-hawa yake bi. Masarauta irin ta Hadejia tana da ƙofa a Sakkwato, wato babban da al'amuranta suke bi ta hannunsa kafin su kai ga Sarkin Musulmi, kuma a cikin masarautar kanta hakimai da masu sarauta suna da jakadun da ke kai da kawowa tsakaninsu da garuruwan da ke ƙarƙashinsu. Wasiƙun Larabci da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, suna nuna yawan takardun da ke yawo tsakanin sarakuna a lokacin. Takardar sarki zuwa ga sarki ba ta da wuyar isarwa, domin kowa ya san fada. Wuyar tana ga saƙon da aka aiko wa talaka. Fada ba ta san gidan kowa ba, kuma ba ta taɓa ƙoƙarin sani ba. Abin da ta sani shi ne wane hakimi ke riƙe da ƙasar, hakimi ya san dagaci ko bulama, shi kuma ya san mai unguwa, mai unguwa ne ya san zauren da za a yi sallama. Kowane mataki yana riƙe da abin da ya shafe shi kaɗai, ya nuna wa mai tambaya mataki na gaba. Jakadan da ya bi wannan layi sau ɗaya ba ya sake binsa daga farko a tafiya ta biyu. Ya riga ya san gidan, sai ya miƙe. A nan amfaninsa yake, domin jakadan da zai koma fada ya tambayi hanya duk lokacin da aka aike shi bai rage wa kowa aiki ba.

Fatake sun gina nasu tsarin a gefen na sarauta, kuma nasu ya fi nisan zango. Bahaushen da ya sauka a Salaga ko Kumasi ko Ibadan ba ya neman kowa da kansa, yana sauka ne a gidan mai gida, wanda shi ne masauki, shi ne mai ajiyar kaya, shi ne mai haɗa shi da dillali, shi ne kuma akwatin gidan waya kafin a yi gidan waya. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ya dogara ga waɗannan masu gida, musamman da yake ana sayar da shanu bashi ga mahauta, kuma mai gida ne ke tsaya wa baƙonsa. Abin lura a bayanin Cohen shi ne sanin mai gida ba tsohon sani ba ne da ya haddace ya kwanta a kai. Dole kullum ya san wane mahauci ne ke biya, wane ne ya fara karyewa, wane baƙo ya tashi ya koma wani zango. Kowane ayari da ya sauka, kowace mota da ta iso, tana kawo masa labarin da yake gyara abin da ke kansa. Mai gidan da ya daina sabunta saninsa zai damƙa shanun baƙo ga wanda ya riga ya karye, ko ya aika kuɗi garin da mai su ya bari, kuma sau ɗaya ya isa baƙi su ƙaurace wa gidansa.

Bayan faɗuwar Hadejia a hannun Turawa a watan Afrilun 1906, da isowar layin dogo daga Kano wanda ya bi ta Ringim da yankin Kaugama da Malam Madori da Birniwa ya kai Nguru a 1930, wahalar farko ta ragu ƙwarai. Gyaɗa tana tafiya, takarda ma tana tafiya. Wahala ta biyu ba ta motsa ba. Gidan waya na Turawa an ƙera shi ne don garin da tituna ke da suna gidaje ke da lamba, ƙauyukanmu kuwa ba su da ko ɗaya. Shi ya sa wasiƙar soja ko ɗan ci-rani take zuwa ta hannun hakimi, ko hedimasta, ko wani ɗan kasuwa mai akwati a gidan waya, shi kuma ya ba yaro ya kai. Daga baya direbobin tasha da 'yan kamasho suka karɓi kaso mai yawa na wannan aiki, har yau ma saƙo da kuɗi da kaya suna bi ta hannunsu. Ko bayan da aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho aka kafa NIPOST da NITEL a 1985, zangon ƙarshe na wasiƙa a karkara bai bar hannun mutumin da ya san mutane ba.

A nan ne kogin Hadejia ya shigo cikin maganar, domin shi ya koya wa mutanen yankin cewa sanin inda mutum yake yana da wa'adi, kuma wa'adin ba ɗaya ba ne ga kowa. Manomin tudu mai gero da dawa ana iya samunsa inda aka bar shi shekaru goma. Manomin fadama yana bin ruwa, shinkafa idan ya cika, noman rani idan ya janye. Masunci yana iya kwana a wani sansani yau, bayan wata guda ya gangara Nguru ko ya nausa Tafkin Chadi. Makiyayi yana shigowa fadama da rani ya fice da damina. Ɗan ci-rani yana barin gida bayan an girbe amfani ya dawo da saukar ruwan farko. Mai unguwa nagari ba ya ba da amsa iri ɗaya game da waɗannan duka. Game da na farko zai ce yana nan, game da masunci kuwa zai ce makon jiya yana wuri kaza, amma a sake tambaya a can. Wannan ƙarin maganar, wato faɗin tsawon lokacin da za a iya dogara da amsa, ita ce rabin ingancin amsar. Sannan ko amsoshin da ake ɗauka na dindindin ne sun zo sun girgiza. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke sauka. Ruwan da a da yake zuwa ya wuce ya bar ƙasa ta bushe ya koma yana gudana kusan duk shekara, kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, mafi yawan ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru, wasu gonaki suka nutse wasu suka ƙafe. Ambaliya irin ta 2012 da 2022 ta tashi unguwanni sukutum. Wanda ya riƙe taswirar yankin a kansa tun kafin madatsun ruwa, bai sake tambaya ba, zai kai saƙo kufai.

Zuwan wayar salula a 2001 ya sa mutane da yawa sun ɗauka an gama da wannan matsala, tunda lamba tana bin mutum duk inda ya je. Gaskiya ne ta rage ta sosai. Sai dai ta zo da wata illa da tsohon tsari bai da ita: lambar da aka ajiye a waya ba ta da wa'adi. Kamfanonin sadarwa suna karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba su sayar wa wani, amma sunan tsohon mai shi yana nan a wayoyin 'yan uwa da abokan ciniki, wani lokaci har a rajistar banki. Saƙo yana tafiya da sauri, yana isa lafiya, ga wanda ba shi ba ne. Mai unguwa yakan ji labarin tashin mutum ko rasuwarsa ya gyara abin da ya sani. Jerin sunayen waya ba ya jin komai.

Injiniyoyin da suka gina intanet sun bi ta wannan hanya, kuma abin sha'awa shi ne sun fara da kuskuren da fadar Hadejia ba ta yi ba. A zamanin ARPANET a Amurka, sunayen dukan kwamfutoci da lambobinsu suna cikin fayil guda da ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar SRI ta Kalifoniya, kowa yana saukar da kwafinsa lokaci-lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa, fayil ɗin ya yi nauyi, kwafin da ke hannun mutane kuma kullum yana bayan gaskiya. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara abin da ake kira DNS, wanda ya raba sanin hawa-hawa. Akwai tushe, mai sunaye 13, wanda bai san kowa ba sai masu riƙe da manyan rassa irin su .com da .ng. Reshen .ng, wanda aka ba Nijeriya a 1995 kuma hukumar NiRA da aka kafa a 2005 take kula da shi, ya san wanda ke riƙe da sunan kowace jami'a ko ma'aikata, ita kuma ma'aikatar ce ke faɗin wace kwamfuta ke karɓar mata wasiƙu. Muhimmin abin da Mockapetris ya sa a ciki shi ne kowace amsa tana zuwa da wa'adinta a rubuce, da sakan-sakan, kuma mai sunan ne yake yanke shi. Wani ya sa 300, wato minti biyar, wani 3,600, wani 86,400, wato yini da kwana. Mai tambaya yana da izinin ajiye amsar ya yi ta amfani da ita har wa'adin ya cika, daga nan dole ya jefar ya sake tambaya. Abin da mai unguwa yake faɗa da baki game da masunci, nan an mayar da shi doka.

Kwamfutar wasiƙu ta fi kowace buƙatar wannan ajiya, saboda yawan tambayar da take yi. Idan za ta aika, sai ta nemi wanda ke karɓa wa sunan da aka rubuta, sannan ta nemi lambarsa. Idan za ta karɓa, aikin ya fi haka: tana tambayar sunan lambar da ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, tana duba ko mai sunan ya yarda wannan kwamfuta ta aika da sunansa, tana neman mabuɗin da za ta tantance sa hannun da ke jikin wasiƙar, tana kuma tambayar masu jerin baƙin suna irin su Spamhaus ko lambar ta yi ƙaurin suna wajen watsa wasiƙun banza da na damfara. Duba izinin aikawa kaɗai ƙa'ida ta yarda ya kai tambaya 10. Ga jami'a ko asibiti ko ma'aikata, yawancin wasiƙu daga wurare ƙalilan suke zuwa, Gmail da Yahoo da 'yan uwan ma'aikatu, don haka tambayoyin maimaici ne. A Jigawa wannan lissafi ya taɓa zama na zahiri ƙwarai. A farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnatin Saminu Turaki ta kafa kamfanin Galaxy ITT, intanet a Arewa ta tauraron ɗan'adam take zuwa, wanda ke nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, rabin sakan ya tafi ko fiye, a kan layi mai tsada kuma siriri. Kwamfutar da ba ta ajiye amsa a irin wannan hali tana ƙona kuɗi da lokaci ne a kan abin da aka gaya mata minti ɗaya da ya wuce. Yau wayar gilashi ta rage jinkirin, amma makarantu irin Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da kwalejin Binyaminu Usman da ke Hadejia har yanzu suna nesa da gaɓar tekun Legas inda manyan wayoyin ke sauka.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce ta tsohuwar amsa. Ma'aikata ta sauya kwamfutar da ke karɓar mata wasiƙu, amma masu aikowa suna ci gaba da kai wa tsohuwar har wa'adin da suka riƙe ya ƙare. Wannan yana faruwa. Sai dai maganinsa yana hannun mai ƙaura: ya rage wa'adin kwanaki kafin ya tashi, ya bar tsohuwar kwamfutar a kunne tana tura abin da ya iso. Inda abin ke ɓaci da gaske shi ne inda wata manhaja ta yi biris da wa'adin, ta riƙe amsa har sai an kashe ta an sake kunnawa, ko wani ma'aikaci ya rubuta lamba da hannu a fayil don ya huta, ya manta da ita shekaru. Wannan komawa ce ga zamanin fayil guda, kuma laifin na wanda ya cire wa'adin ne. Hujja ta biyu ta fi ciwo: ana ajiye amsar "babu" ma, bisa ƙa'idar da aka daidaita a 1998. Idan aka yi kuskure sunan ma'aikata ya ɓace na minti goma, kwamfutocin da suka tambaya a wannan tsakani za su riƙe cewa babu shi, kuma ga imel bambancin yana da girma. Idan tambaya ba ta samu amsa ba sam, wasiƙa tana jira a layi ana sake gwadawa har kwana huɗu ko biyar. Idan kuwa amsar ta zo cewa babu mai wannan suna, ana mayar da ita ga mai aikowa nan take. Na yarda wannan hasara ce ta gaske, wasiƙar ɗaukar aiki ko ta gurbin karatu na iya salwanta a haka. Abin da ya dace shi ne wa'adin "babu" ya zama gajere, haka ma amsar jerin baƙin suna, domin lambar da aka wanke bai kamata a ci gaba da hukunta ta ba, kuma masu aikawa daga Nijeriya, waɗanda ɓarnar 'yan damfara ta sha shafa wa kashin kaji, sun fi kowa sanin zafin wannan.

Hujja ta uku ita ce ta ƙarya. Wanda ya ajiye amsa, idan aka cusa masa ta bogi, zai yi ta rarraba ta da zuciya ɗaya. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna cewa ana iya yi wa kusan dukan kwamfutoci masu nemo adireshi na lokacin haka cikin sauƙi, ta hanyar rige amsar gaskiya isowa, kuma ga wasiƙu ma'anarsa ita ce a karkatar da saƙonnin ma'aikata gaba ɗaya zuwa hannun ɓarawo ba tare da kowa ya lura ba. Aka yi gaggawar gyara manhajoji a watan Yulin shekarar, sannan a 2010 aka sa wa tushen DNS sa hannun da ake iya tantancewa. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne daina ajiya ba ya kare kowa, domin kowace sabuwar tambaya wata dama ce ga maƙaryaci. Kariyar tana ga tantance amsa kafin a ajiye ta, da rufe ma'ajiyar amsoshin kada na waje su riƙa tambayarta.

Akwai kuma masu cewa tunda Google ya buɗe mai nemo adireshi na kowa da kowa tun 2009, wasu kamfanoni suka biyo baya, ƙaramar ma'aikata ba ta da dalilin ɗora wa kanta wannan aiki. Ga wayar hannu ko kwamfutar gida, maganar tana da ƙarfi. Ga kwamfutar wasiƙu ba ta da shi. Spamhaus da makamantansa suna ba ƙananan masu amfani amsa kyauta ne bisa ƙidayar tambayoyin da ke fitowa daga kowane wuri, kuma suna ƙin amsa wa tambayar da ta biyo ta manyan ma'ajiyoyin jama'a, tunda ba sa iya gane mai yinta. Kwamfutar da ta jingina da su tana iya rasa matatarta ta wasiƙun banza, ko ma ta fassara ƙin amsar a matsayin hukunci ta riƙa korar wasiƙun kirki. Sannan akwai darasin 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga tasku. Ma'ajiyar cikin gida ba za ta kai wasiƙa Landan ba idan waya ta tsinke. Amma wasiƙar da ta tashi daga Dutse za ta Kano, idan kwamfutocin biyu suna cikin ƙasa kuma hanyarsu ta bi ta mahaɗar IXPN da aka kafa a 2006, ba ta da dalilin tsayawa don kawai an kasa tambayo adireshi daga ƙetare. Wata ƙa'ida da aka fitar a 2020 ta ba ma'ajiya damar ci gaba da ba da amsar da wa'adinta ya ƙare idan an nemi mai sunan an rasa, na ɗan lokaci, tana kuma ci gaba da nemansa, kuma da zarar ya amsa sai sabuwar ta maye gurbin tsohuwar. Wannan saiti ne da mai kula da kwamfutar wasiƙu a Hadejia ko Dutse zai iya kunnawa da kansa, muddin ma'ajiyar tana ɗakinsa.